Nomau, Ƙwayar Zink da Zuciyar Sarkin Fawa

Ku matso in ba ku labarin ƙanin mijina, don in ban faɗa ba cikina zai fashe.

Gidanmu a Tungar Korau yake, daf da mahauta, kuma mu uku ne rak a cikinsa. Akwai Maigida, wanda gari ke kira Sarkin Fawa, sunansa kuwa ba za ku ji shi a bakina ba. Akwai ni, Tabawa. Sai ƙaninsa Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya, ƙato mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda in ya tsaya a ƙofar ɗaki sai ka kunna fitila. 'Ya'yanmu mata uku duk suna ɗakunan mazansu, namijin yana can Kudu wajen neman abinci. Nomau bai taɓa aure ba. An taɓa tura shi zance wajen wata bazawara, aka ce masa in ya je ya natsu, kada ya yi magana sai ta fara. Ita kuwa kunya ta hana ta farawa. Suka zauna tun la'asar har aka kira magariba, ya tashi ya kaɗe wandonsa ya dawo gida, ya ce an gama.

Kada ku ɗauki alhakinsa, ba mahaukaci ba ne. Yana salla, yana noma, a fiɗa kuwa duk mahauta babu mai hannunsa. Abu ɗaya ne da shi: magana in ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama. Ba ya rage mata, ba ya ƙara mata, ba ya kuma mantawa da ita. Ni da shi wasa muke yi irin na mace da ƙanin miji. Ina ce masa Angon Gobe, shi kuma ya ce mini matar Yaya.

Wata rana da hantsi, Maigida yana tsakiyar sara ƙashin wani sa a mahauta, sai ya saki gatari ya dafe ƙirji, gumi ya keto masa, ya sulale ƙasa. Aka sa shi a mota sai asibitin birni. Kwana goma sha ɗaya ya yi, kuma da yake ɗakin maza ne, Nomau ne ya yi jinya. Ranar sallama na je. Likitar mace ce, wata siririya mai tabarau, Dakta Ramatu. Ta zaunar da mu ta ce, "Hanyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe. Wannan karon Allah ya tsare. In ta sake toshewa a ƙauye, ba na jin za ku iso nan da shi da rai." Shekara talatin da huɗu muna tare da mutumin nan, ko ciwon kai ban taɓa jin ya ambata ba.

Ta jera ƙwayoyi iri uku a kan tebur ta ce waɗannan na zuciya ne, ko kwana ɗaya kada a tsallake. Sannan ta ɗauko wata 'yar ƙarama fara.

"Wannan zink ce. Mun auna jininsa mun ga sinadarin ya yi masa ƙaranci, shi ya sa na ƙara masa. Taimako ce kawai, ba ita ce maganin zuciya ba. Ɗaya a rana, bayan ya gama cin abinci."

Na ce, "Likita, ba irinta ake ba yara in suna gudawa ba?"

Ta yi dariya ta ce danginta ce. Maigida ya haɗe rai, wai shi Sarkin Fawa guda za a ɗora wa maganin zawon yara. Ta lissafa sauran dokoki: a rage gishiri da kitse, kada ya ɗauki abu mai nauyi, kada a ɓata masa rai, in ya ji ƙarfi ya riƙa tafiyar minti talatin kullum. Da ta tambaya wa zai kula da duk wannan, sai Nomau ya miƙe ya maimaita mata maganarta tun daga farko har ƙarshe, har da tarin da ta yi a tsakiya. Ta tafa hannu ta ce, "Madalla, ga mai jinya!" Oh ni Tabawa. Ni na san abin da baiwar Allahn nan ta jawo mana.

Wata rana, kwana biyu da dawowarmu, na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, gishiri ɗan mitsitsi kamar yadda aka ce. Maigida yana ci a tsakar gida, sai kazata mai wake-wake, wadda ta fi duk kajina ƙwai, ta zo ta fizgi loma a bakin kwano ta haɗiye. Ya kore ta, ya cinye saura, ya wanke hannu ya miƙa wa Nomau.

"Ba ni ƙwayar."

"Ba ka gama ba, Yaya."

"Ga kwano nan har na suɗe."

"Saura loma ɗaya. Tana cikin kaza."

Na ɗauka wasa ne. Kafin in fito daga madafa, wallahi har ya kama ta ya yi bisimilla ya yanka, ya fara fige ta. Yo mahauci ne. Ya miƙo mini ita ya ce, "Matar Yaya, a dafa, ban da mai." Ina dahuwa ina tsine wa ranar da aka koya masa riƙon wuƙa. Maigida bai ga ƙwayar nan ba sai bayan la'asar, sai da Nomau ya tsaya a kansa ya ga ya cinye ƙundun, don a nan yake zaton lomar ta tsaya. Tun daga ranar, kafin in zuba abinci sai na rufe kaji a akurki.

Wata rana kuma ragon da Maigida ke kiwo ya tsinke igiya ya shiga duniya. Wani balami ne fari, yana ɗaure can ƙarshen gida bayan rumbu, kuma tun da Maigida ya kwanta, kullum da safe sai ya kasa kunne ya ji kukansa, ya ce ransa ya yi sanyi. Na ce wa Nomau, "Ka ji dai abin da likita ta ce. Kada ransa ya ɓaci." Ya ce to. Washegari da safe ina shara, sai na ji kukan rago daga bayan rumbu. Na ce alhamdu lillahi, ya dawo. Na leƙa, sai ga Angon Gobe a durƙushe da ƙafa huɗu, igiya a wuya, yana ta "mbeee". Na yi masa magiya ya tashi, ya ƙi. Haka ya yi kwana uku, har dusa yake ɗan ci don kada a ga ƙwarya a cike.

A rana ta uku Maigida ya kira ni. "Tabawa, ragon nan ba shi da lafiya. Shekara arba'in ina sauraren dabbobi. Kukan nan ya yi kauri, huhunsa ya taɓu. Miƙo mini wuƙa kafin ya zama mushe."

Na yi ta kame-kame, ya ture ni ya ɗauki wuƙa da kansa. Ya zagaya rumbu, ya tsaya cak. Nomau ya ɗago kai, dusa a gemu.

"Kada ranka ya ɓaci, Yaya. Likita ta hana."

Maigida ya dubi wuƙar hannunsa, ya dubi wuyan ƙaninsa, sai ya fashe da dariya har ya zauna a kan turmi yana share hawaye. Wannan ce dariyarsa ta farko tun da ya faɗi. Nomau ya firgita ya miƙe da igiyarsa yana cewa, "Yaya, daina! Ba ta ambaci dariya ba!" Ragon kuwa a gonar wani aka same shi, ya yi wa harawa ɓarna.

Wata rana, ranar Juma'ar da Maigida zai fara komawa masallaci, ya ce in fito masa da babbar rigarsa ta shadda mai aska takwas. Ashe tun a asibiti Nomau ya tambayi likita, nauyi kamar na me, ta ce kada ya wuce butar alwala cike da ruwa. Sai ya cika buta ya riƙe a hannun dama, ya ɗora riga a hannun hagu, ya rufe ido yana lilo da su.

"Riga ta fi."

"To tsirara zan je?"

"Ka sa, Yaya, ni zan ɗauka."

Haka suka fita. Maigida a gaba cikin riga, Nomau a baya ya kama kafaɗunta biyu ya ɗaga sama don kada nauyin ya sauka a kansa. Masu shayi suka bar kofunansu suka miƙe kallo. Maƙwabcinmu ne ya ba ni labarin abin da ya faru a masallaci, yana yi yana riƙe ciki. Aka ta da salla, Nomau yana sahun baya, bai saki ba. Aka yi ruku'u ya bi shi da ita. Da aka kai sujada sai rigar ta kifo gaba ɗaya ta rufe kan Maigida da na mutum biyu da ke gefensa. Bayan sallama Liman ya kira shi.

"Nomau, yau ka yi salla kuwa?"

"Zan rama, Allah gafarta Malam. Yaya ne ba a ramawa."

Liman ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rufe, ya ce a je a samo wa Sarkin Fawa 'yar shara mara nauyi.

Wata rana aka shiga maganar tafiya. Nomau ya kai wayarsa wajen mai shagon caji aka saita masa ita ta yi ƙara in minti talatin ya cika. Kwanakin farko unguwa suke zagayawa, ƙarar ta same su kusa da gida. Ran nan Maigida ya ce ya gaji da kallon katangun mutane, su nufi fadama. Suna kan gada wayar ta yi ƙara.

"Tsaya, Yaya."

"To mu juya gida."

"Juyawa ma tafiya ce. Talatin ta ce."

Ya zaunar da shi a gindin wata ƙirya, ya sheƙa mahauta da gudu ya turo baron da ake ɗaukar nama, duk jirwayen jini a jikinsa. Maigida ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ga rana ta take, ga shi ba halin ya yi kokawa da ƙato. Ya haƙura ya kwanta a ciki, ya ja farin mayafinsa ya rufe har fuska don kunya. Nomau ya turo shi a hankali ta tsakiyar gari, fuskar nan a murtuke don kada ya faɗa rami. To ku da kanku, kun ga Sarkin Fawa mai ciwon zuciya a miƙe, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ƙafafu a waje, ƙaninsa na turawa ba ya kula kowa, me za ku ce? Gari ya ɗauki salati. Wata mata ta riga su isowa, ta faɗo mini tsakar gida ta ce, "Tabawa, sai haƙuri."

Muciya ta faɗi daga hannuna. Ban san yadda na kai zaure ba, ba mayafi ba takalmi. Na ga baro, na ga ƙafafun da na sani, na faɗa kansu ina kururuwa. Sai babban yatsa ya motsa, wata murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi ƙasa-ƙasa: "Tabawa, rufa mini asiri ki sallami mutanen nan." Na rarumi ludayi na yi ta kwaɗa wa Nomau har ya karye. Ko gezau bai yi ba, sai ma ya nuna mini waya ya ce, "Talatin cif, matar Yaya." Mutane suka watse suna dariya. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka na gaske, don ranar na ɗanɗana abin da likita ta faɗa, kuma na san ba zan iya ɗaukarsa ba.

Wata rana suka koma asibiti aka duba Maigida, likita ta ce jiki ya yi kyau, a ci gaba. Ta ƙara da cewa zink ɗin nan akwai shi a cikin abinci ma, kamar wake da gyaɗa da riɗi da jan nama mara kitse. Ranar Laraba, ranar kasuwarmu, Nomau ya auno wake tiya biyar wajen Mati mai wake. Ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauko 'yar wuƙarsa ta fiɗa, ya zauna yana tsaga wake ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa cikin kowanne.

Na ce, "Angon Gobe, me kake nema?"

"'Yar farar ƙwayar. Ta ce tana ciki."

Kwana shida yana wannan aiki. Laraba ta zagayo, ya ɗauki tsagaggen wake a daro ya dire a gaban Mati, kasuwa ta cika maƙil.

"Mati, ka ji tsoron Allah. Likita ta ce akwai zink a cikin wake. Na buɗe su duka, ko ɗaya babu. Kai ka cire?"

Duk kasuwar nan babu wanda ya san mene ne zink, amma babu mai son waken da aka cire wa wani abu. Mata suka fara tambaya, "Mai zink ne, ko wanda aka cire?" Masu wake na gefe suka shiga rantsuwa cewa nasu da zink ɗinsa. Kafin azahar har mai barkono yana cewa nasa ma akwai. Mati ya zo ƙofar gidanmu hula a hannu, yana rantsuwa da kabarin ubansa bai taɓa cire komai ba. Sai da aka kira ma'aikacin ɗakin shan magani ya yi wa Nomau bayani cewa abin kamar gishiri ne a miya, yana ciki amma ido ba ya ganinsa. Nomau ya ce, "To me ya hana ta ce ya narke?" Mako biyu muna cin alale, har maƙwabta suka fara rufe ƙofa in sun hango ni da kwano.

To daga nan ne dariya ta fara ƙarewa. Sunan zink ya cika gari, kuma kun san inda ake maganar ciwo, mai tallar magani ba ya nisa. Wata Laraba sai ga wani mutum da mota da lasifika, ya jera manyan kwalabe masu hoton jar zuciya. Yana ta shela wai wannan zink ne na ƙasar waje, ƙarfinsa ya ninka na asibiti sau goma, yana wanke zuciya tas, wanda ya sha shi ya huta da ƙwayoyin likita, ya koma cin kitsensa da gishirinsa. Jibo, abokin sana'ar Maigida, ya sayo kwalba ɗaya ya kawo masa a aljihu, ya daidaici Nomau yana gona.

Lokacin Maigida ya yi wata huɗu bai riƙe gatari ba, bai ɗanɗana kitse ba, kuma duk inda ya wuce sai ya ji ana ƙus-ƙus ana ambaton baro. Ya ce mini, "Tabawa, na gaji da zama abin dariya." Sai ya ɓullo da dabara. In Nomau ya ba shi ƙwayoyin zuciya, ya sa a baki ya kurɓi ruwa, ya maƙale su a kumatu, in Nomau ya juya ya tofar a ƙarƙashin tabarma. Manyan na kwalba kuwa shida yake sha a rana, yadda mai lasifika ya ce. Ina shara na ga waɗanda ya tofar. Ya ce, "In kika faɗa wa Nomau, ban yafe ba." Na yi shiru. Kuma in faɗa muku gaskiya, ba tsoronsa kaɗai ya rufe mini baki ba. Ni ma na sa rai. Kwalbar babba ce, tana ƙyalli, na ce a raina wataƙila ita ce za ta dawo mini da mijina yadda yake da.

Kwana uku ya fara amai, cikinsa na murɗa, ya ce bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Jibo ya ce ai mai maganin ya faɗa, ciwon ne ke fita. Kwana bakwai ƙafafunsa suka kumbura, in ya je bakin zaure ya dawo sai haki. Ina gani, ina jin tsoro, ina kuma yin shiru.

Wata rana da hantsi, kwana na goma, amai ya taso masa a tsakar gida. Ya sunkuya, kwalbar ta zamo daga aljihunsa ta gangara har gaban Nomau. Ya ɗauka ya jujjuya ta.

"Yaya, wannan ba ta cikin na likita."

"Ba ni abina."

"Likita ta ce ɗaya, ƙarama, fara. Wannan babba ce. Likita ta ce taimako ce kawai, ba ita ce..."

"Likita! Likita! Likita!" Maigida ya daka masa tsawa yana haki. "Kai ba ka da wata magana? To ji nan. In ita ce uwarka da ubanka, kwashi kwalbar, ka kwashi waɗanda na tofar a ƙarƙashin tabarma, ka haɗa da ni kaina, ka kai mata!"

Ko jaririn goye ya san gatse ne. Nomau ya ce, "To, Yaya."

Ya shiga ɗaki ya ɗaga tabarma, ya tsince ƙwayoyin nan ɗaya-ɗaya ya zuba a hularsa. Ya cusa kwalba a aljihu. Ya fito ya fizgi zanena a kan igiyar shanya, ya sunkuci Sarkin Fawa ya goya shi a baya, ya ɗaure tam. Maigida yana dukan kansa da hannu biyu, yana zagi irin wanda ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Sauke ni, ɗan banza! Na ce ka sauke ni!"

"Sai na gama na farko, Yaya. Aike ɗaya-ɗaya ake yi."

Ya fita da shi a guje, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Na ja mayafi na bi su ina kira, mutane na fitowa suna dariya, wai yau kuma wane sabon salo ne. Daga gidanmu zuwa bakin titi akwai 'yar tafiya, duk tsakuwa da ƙaya, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Da ya isa ya tsaya a tsakiyar kwalta ya ware hannu, wata motar albasa ta ci burki da ƙyar. Direban ya leƙo zai yi zagi, Nomau ya ce, "Aike ne, asibitin birni." Ban san abin da mutumin ya gani a fuskarsa ba, sai ya ce mu hau.

Muna kan buhunan albasa Maigida yana ta faɗa, ni kuma ina taya shi, ina cewa Nomau ya kunyata mu a idon duniya. Mun yi kamar rabin hanya sai na ji faɗan ya tsaya. Na duba. Ya dafe ƙirji, gumi na keto masa, leɓensa ya sauya launi, daidai yadda aka ba ni labarin ranar mahauta. Na ce innalillahi, na shiga bubbuga kan mota ina roƙon direba ya taka.

A ƙofar asibiti Nomau ya sake goya shi, ya kutsa ciki, ya wuce layin masu karɓar kati yana cewa, "Ina likita? Aike ne!" Masu gadi biyu suka riƙe shi, ya tafi da su. Ya tura ƙofar Dakta Ramatu, ya kwance zane ya kwantar da Yayansa a gadon da take duba marasa lafiya, ya ajiye kwalba a tebur, ya ajiye hula kusa da ita.

"Ga su, Likita. Duka uku."

Kallo ɗaya ta yi wa fuskar Maigida ta ƙwala wa ma'aikata kira. Aka tura shi ciki da gudu, aka rufe ƙofa. Muka zauna a benci tun kafin azahar har la'asar ta wuce. Nomau yana zaune ƙafafunsa na zubar da jini, kansa duk ƙulu-ƙulu saboda duka, yana kallon ƙofar. Ni kuwa ina ta lissafin kwana goman da na yi ina share ɗaki ina mayar da tabarma yadda take.

Da ta fito ta cire tabarau ta goge fuska. Ta ce hanyar ta fara toshewa ne suna cikin mota, sun samu sun buɗe ta, kuma da a gida abin ya same shi, da yanzu wata maganar ake yi. Ta zazzage hular a tafin hannunta ta dubi ƙwayoyin, duk sun jiƙe sun manne da juna, sannan ta dube ni. Ban iya ɗaga kai ba. Ta ɗaga kwalbar ta ce irin wannan yawan shi ya wahalar da cikinsa, kuma ko buhu guda ya sha ba zai yi masa aikin ƙwayoyin da ya tofar ba.

Ta shigar da mu wajensa. Yana kwance, roba a hanci, idonsa a buɗe. Nomau ya matsa bakin gado ya ce, "Yaya, na biyun ma na yi. Na sauke ka."

Likita ta ce, "Malam Nomau, wa ya ba ka dabarar kawo shi a daidai wannan lokaci?"

"Ni ba ni da dabara, Likita. Shi ya ce."

Ta juya ta dubi Maigida. Shi kuma ya dubi ƙaninsa tun daga ƙulun da ke kansa har zuwa ƙafafun da suka ɓata siminti da jini. Ya daɗe yana kallo. Hawaye ya gangaro masa ya shige kunne.

"Ni na ce," in ji shi.

Yau shekara uku ke nan, yana nan da ransa. Duk wanda ya tambaye shi a mahauta wa ya sa aka kai shi asibiti ran nan, amsarsa ɗaya ce, kuma ban taɓa ƙaryata shi ba.